Ruwan Zafi Kafin Asuba: Yadda Za a Haɗa Famfo a Jirgin Kanal

Sabon Mai Jirgi:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Bayan shekarun da na yi ina biyan kuɗin hayar ɗaki ɗaya a gabashin Landan, Allah Ya nufa na sayi jirgin kanal, wato jirgin da ake zama a cikinsa a kan hanyoyin ruwan da aka haƙa a Ingila, irin siririn nan mai faɗin ƙafa 6 da inci 10, tsawonsa kuma ƙafa 57. Ƙwarya kawai na saya: maƙerin ya gama jikin ƙarfen, ya ɗora inji, ya fesa kumfar da ke tare sanyi a bango, ya shimfiɗa katakon ƙasa, sauran aikin duka yana kaina. Lasisin da na karɓa daga hukumar Canal & River Trust na masu yawo ne, wato ba ni da mazauni na dindindin, dole in tashi daga wuri duk bayan kwana 14, kuma babu wutar lantarkin da zan ja daga tudu.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ruwa, musamman ruwan zafi. Tankin ruwana yana goshin jirgin, a jikin ƙarfen aka gina shi, an shafe cikinsa da baƙin fenti mai kama da kwalta, yana kuma cin kusan lita 500. Daga nan zuwa bayan jirgi babu bututu ko ɗaya tukuna. Ina fita aiki da sassafe, maiɗakina kuma za ta tare nan da 'yan watanni, saboda haka bukatata ita ce a watan Disamba, lokacin da alfijir ke ketowa wajen ƙarfe shida kuma raɓa ta daskare a kan rufi, mutum ya buɗe famfo ya sami ruwan alwala ko na wanka ba tare da ya tsaya dafa ruwa a buta ba. Maƙwabtana biyu sun ba ni shawarar da ta saɓa wa juna. Ɗaya ya ce in sa tukunyar ruwan zafi da suke kira kalorifaya, wadda inji ke ɗumamawa, ɗayan ya ce in manta da ita in sa hitar iskar gas mai ba da ruwan zafi nan take. Akwai kuma batun bututu, ko na jan ƙarfe ko na roba. Ina so in yanke hukunci kafin in rufe bango da katako, domin na san bayan an rufe gyara zai yi tsada.

Kawu Filamba:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya sanya alheri, Ya sa ku shiga a sa'a. Na daɗe ina aikin famfo a gidajen Birmingham, na kuma taɓa jirage da dama, don haka bari in fara da ruwan sanyi, tunda shi ne tushe, kuma shi ne mutane ke yi wa gaggawa saboda hankalinsu ya tafi wajen na zafi.

A gida ruwa yana zuwa maka da ƙarfinsa daga babban bututun gari. A jirgi kuwa kai ne hukumar ruwan kanka. Daga bakin tanki ka fara da bawul na kashewa wanda hannu zai kai gare shi ko cikin duhu, sai rariya mai tace tsatsa da yashi, sannan injin tura ruwa mai aiki da wutar batir ta bolt 12, irin su Jabsco ko Shurflo. Ka ajiye injin kusa da tanki, ƙasa da matakin ruwan, ka ɗora shi a kan roba, ka haɗa shi da guntun tiyo mai laushi ta kowane ɓangare, in ba haka ba duk lokacin da aka buɗe famfo da dare jirgin gaba ɗaya zai ɗauki kugi, tunda jikin ƙarfe yana kai sauti daga goshi har wutsiya. Bayan injin sai tulun iska, wani ɗan tanki mai fatar roba a ciki, wanda ke hana injin tashi da mutuwa a jere idan an buɗe famfo kaɗan. Yana da bakin hura iska irin na tayar mota, da famfon keke ake hura shi, ana kuma barin iskarsa ƙasa kaɗan da matsin da injin ke tashi a kansa.

Batun bututu kuwa ba na jayayya da kowa: ka sa na roba mai mahaɗin turawa, Hep2O ko Speedfit, mai milimita 15. Jirgi yana girgiza, yana bugun bangon ƙofofin ruwa, yana kwana cikin sanyin da ke daskarar da ruwa, kuma roba ta fi jan ƙarfe haƙuri da waɗannan duka. Sharaɗi uku ne. Ka yanke shi da almakashin bututu, kada ka yi amfani da zarto. Ka cusa ɗan zoben ƙarfafawa a kowane baki kafin ka tura shi cikin mahaɗi. Na uku, wanda ya fi sauran nauyi a wajena, kada ka binne mahaɗi ko ɗaya a bayan bango. Ka bi da bututun ta gefe ɗaya a ƙasa, cikin akwatin da murfinsa ke cirewa. Ka kuma yanka ɗan rami mai murfi a ƙasan ɗaki na ƙarshe ta baya, domin jirgi yana zama ne goshi sama wutsiya ƙasa, duk ruwan da ya yi yoyo can zai gangara ya taru, kuma ta wannan ramin za ka gan shi kafin katakon ƙasa ya ruɓe.

Ruwan zafi kuma, ni ina tare da maƙwabcinka na farko. Kalorifaya tukunya ce ta jan ƙarfe ko ƙarfen da ba ya tsatsa, an lulluɓe ta da kumfa, a cikinta akwai naɗaɗɗen bututu da ruwan sanyaya inji ke bi ya bar zafinsa ba tare da ya gauraya da ruwan sha ba. Zafin da inji zai zubar a kanal a banza, kai ka kama shi ka yi wanka da shi. Ka sayi mai naɗi biyu, mai cin lita 55 ko 75.

Hajiyar Kan Ruwa:

Kawu, ina kwana, ya aiki? Duk abin da ka faɗa a kan ruwan sanyi na yarda da shi, amma ina neman afuwa a kan maganar ƙarshe, domin na ga kamar an ba yaron nan rabin amsa. Hunturu shida na yi a cikin jirgi tsakanin kogin Lee da kanal ɗin Regent's, kuma abin da na koya shi ne zafin inji kyauta ne ga mai tafiya kawai. Shi kuwa ƙanena ya ce sau ɗaya a mako biyu zai tashi. Sauran kwana 13 fa? Sai dai ya kunna inji jirgi na ɗaure, ya ƙona man dizal awa ɗaya ko fiye don ya ɗumama tukunya, kuma sharuɗɗan lasisinsa sun hana kunna inji ko janareta a wurin ɗauri daga ƙarfe 8 na dare zuwa 8 na safe. Wato lokacin da ya fi bukatar ruwan, lokacin ne doka ta hana shi samar da shi ta wannan hanya.

A shekarata ta farko haka na yi. Nakan dawo daga aiki in kunna inji daga ƙarfe shida zuwa bakwai da rabi, in taɓa bututun da ke fitowa daga tukunya in ji ya yi zafin da ba a iya riƙewa, in kwanta da murna. Da asuba in buɗe famfo sai in sami ruwa mai ɗumi kaɗan, wanda da kyar zai kai ƙarshen alwala, balle wanka. Na sha tsayawa a gaban murhu da buta ina jira ta tafasa, numfashina yana fita kamar hayaƙi, agogo kuma yana tafiya.

Abin da ya raba ni da wannan wahala shi ne naɗi na biyun da Kawu ya ambata a taƙaice ya wuce. Na sa hitar dizal mai ɗumama ruwa, irin su Webasto da Eberspächer, mai ƙarfin kilowat 5, na haɗa ta da lagireto uku na ɗumama ɗaki da kuma naɗi na biyu na tukunyar. Tana da agogon kanta. Nakan saita ta ta tashi ƙarfe biyar saura kwata, kafin in farka ɗaki ya yi ɗumi, ruwa ya yi zafi. Saboda haka, ƙanena, idan za ka sayi kalorifaya, ka sa kuɗin wannan hita a lissafinka tun yau, ka kuma ja bututunta tun bango yana buɗe, ko da ita kanta sai baɗi za ka iya saya.

Injiniyan Jirage:

Hajiya, barka da war haka. Labarinki na ruwan da ke hucewa kafin asuba ya ja hankalina, domin tukunya mai kyakkyawan lulluɓi bai kamata ta huce haka a dare ɗaya ba, kuma ina kyautata zaton na san dalili. Ruwan zafi ya fi na sanyi rashin nauyi, kullum sama yake nema. Idan tukunyar tana daidai da inji ko ƙasa da shi, kuma bututun da ya haɗa su yana hawa daga tukunya zuwa inji, to da zarar an kashe inji ya huce, ruwan da ke cikin naɗin zai ɗauki zafi daga tukunya ya hau zuwa injin, mai sanyi ya sauko ya maye gurbinsa, a yi ta zagaye har gari ya waye. A taƙaice tukunyar ce ke kwana tana ɗumama injin. Gwajin ba shi da wuya: a taɓa kan injin da sassafe, idan aka ji shi da ɗumi bayan awa goma a kashe, to ɓarawon ke nan. Maganinsa shi ne a lanƙwasa bututun ya fara sauka ƙasa kafin ya hau, ko a sa bawul mai sauƙin buɗewa wanda ke barin ruwa ya bi hanya ɗaya kawai.

Ga kuma lissafin da nake so ƙaninmu ya riƙe. Ɗaga zafin lita 55 daga digiri 10 zuwa 60 yana cin wuta kusan kilowat 3.2 na awa guda. Yawancin tukwanen suna zuwa da sandar ɗumamawa ta lantarki mai kilowat 1, wadda za ta yi aikin cikin awa uku da 'yan mintuna. Ga wanda ke da wutar tudu wannan daidai ne. Amma idan ta inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida, za a ja daga batir mai bolt 12, ana maganar am (ma'aunin yawan wutar da ake ja) 90 zuwa 100 ne har na tsawon awa uku, wato kusan am-awa 300, alhali batir huɗu masu am-awa 110 kowanne, irin na dalma, abin da ake iya ci daga cikinsu ba tare da an lahanta su ba bai wuce 220 ba. Da bazara, idan faifan sola ya cika batir tun kafin azahar, za a iya juya rarar zuwa sandar. A Disamba kuwa hasken ranar Ingila ba zai ɗauki wannan nauyi ba.

Abu na biyu shi ne wanda na fi ganin ana tsallakewa. Ruwa yana kumbura idan ya yi zafi, kusan kashi 3 cikin 100 tsakanin digiri 10 da 80, wato lita ɗaya da rabi a tukunya mai lita 55. Akasari akwai bawul mai hana ruwa komawa baya a mashigar tukunyar, don haka tulun iskar da Kawu ya ambata ba zai iya shanye wannan kumburi ba, yana can ɗaya gefen. Dole a sa tulu na biyu a ɓangaren ruwan zafi, a hura shi daidai da matsin da injin tura ruwa ke mutuwa a kansa. Idan babu shi, duk lokacin da ruwa ya yi zafi tukunyar za ta miƙe har sai bawul na tsaro ya buɗe, wanda yawanci an saita shi a 3 ko 4 a ma'aunin matsi na "bar", idan ya huce ta koma. Yau miƙewa gobe komawa, wata rana ɗinkin walda ya tsage. Bakin bawul na tsaron kuma a fitar da shi waje ta jikin jirgi, ko cikin gorar da ido ke gani, kada a bar shi yana ɗiga a ɓoye.

A ƙarshe ka sa bawul mai sirka ruwa a mafitar tukunya. Inji yakan kai ruwan digiri 70 zuwa 85, wanda ke saluɓe fata cikin ƙiftawar ido. Amma kada ka ce za ka magance haka ta hanyar ajiye ruwan da ɗumi-ɗumi, domin ƙwayar cutar Legionella tana yaɗuwa ne tsakanin digiri 20 da 45. A ajiye shi a 60 ko fiye, a sirka shi a hanyar fita.

Ɗan Kogin Lee:

Manyana, ina gaisuwa. Na karanta duka, kuma ina ganin an tara wa bawan Allah kaya da yawa: tukunya, tulu biyu, bawul iri uku, hitar dizal, lagireto. Kowane ɗaya kuɗi ne, kuma kowane ɗaya wuri ne da zai iya lalacewa. Ni hitar iskar gas ta Morco ce a bangon kicin ɗina. Ina buɗe famfo wuta ta kama, ruwan zafi ya zo, ina rufewa ta mutu. Ba ta jiran inji, ba ta jiran agogo, ba ruwanta da ko jiya na yi tafiya ko ban yi ba, kuma ruwan da aka bukata kawai take ɗumamawa. Ga mai alwala sau biyar a yini, wanda kowane lokaci lita ɗaya ko biyu yake so, mene ne amfanin dafa lita 55? Hitar dizal ɗin da Hajiya ta yaba kuma tana da halinta. Tana jan wuta sosai wajen tashi, kuma ƙarfe biyar na asuba shi ne lokacin da batir ya fi rauni bayan firiji da fitilu sun kwana suna ci, don haka takan ƙi tashi a ranar da aka fi bukatarta. Idan kuma aka kunna ta don tukunya kaɗai, ba tare da lagireto sun sha zafin ba, sai ta riƙa tashi tana mutuwa har baƙin toka ya toshe ta.

Kawu Filamba:

Hajiya ta yi gaskiya, na karɓi gyara, na yi magana ne da tunanin masu yawon hutu da ke tafiya kullum. Kai kuma ɗana na Lee, abin da ka faɗa a kan hitar dizal haka yake, shi ya sa ake auna lagireto su kusa cinye ƙarfinta, a kuma ja mata waya mai kauri kai tsaye daga batir. Ban kuma ce hitar gas ba ta aiki ba. Amma ka faɗi daɗinta ka bar nauyinta, kuma nauyin nan na rai ne.

Iskar gas ta fi iskar da muke shaƙa nauyi. A gida idan ta zuba tana iya bin ƙarƙashin ƙofa ta fita. Jirgi kuwa kwano ne na ƙarfe, ƙasa take sauka ta kwanta a gindinsa tana jiran tartsatsi. Shi ya sa ake ajiye tukunyar gas a akwati na musamman mai rami da ke zubarwa waje. Tunda jirgin nan gidan zama ne, dokar gas ta 1998 ta hau kansa, kuma wanda zai haɗa masa gas dole ya kasance mai rajista da Gas Safe, wato rajistar masu izinin aikin gas a Birtaniya, mai takardar aikin jirage, ba kowane mai gyaran tukunyar gida ba. Hitar da ke shan iska daga cikin ɗaki ba a yarda a sa ta a banɗaki ba. Tana bukatar bututun hayaƙi mai jan iska yadda ya kamata, tana bukatar ramukan shigar iska a ƙofofi, waɗanda mutane ke toshewa da tsumma idan sanyi ya matsa, su jawo wa kansu iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Tun watan Afrilun 2019 tsarin binciken lafiyar jirage na Boat Safety Scheme ya wajabta na'urar gargaɗin wannan iska a jiragen da ke da ɗaki, kuma za a duba ta a binciken da ake yi duk shekara huɗu. Ƙari a kan haka, siraran bututun da ke cikin hitar gas su ne farkon abin da ke fashewa idan aka bar jirgi babu wuta a daren ƙanƙara, saboda sanyi yana sauko mata kai tsaye ta bututun hayaƙi. Wanda yake da ita ya riƙe ta da kulawa. Wanda yake farawa daga ƙwarya kuwa, ni ba zan ce ya ƙara wa kansa wata wutar gas bayan ta girki ba.

Sabon Mai Jirgi:

Allah Ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Ina da tambaya biyu da ban ga yadda zan yi wa maƙwabtana Turawa su fahimta ba. Ta farko, na cika tankin don gwaji, sai na ji ruwan yana ɗan warin fentin kwaltar nan, ko da yake launinsa bai sauya ba, kuma zuciyata ta yi ta waswasi a kan yin alwala da shi. Ta biyu ita ce tsarki. Masan da ake sawa a jirage an tsara shi ne don masu amfani da takarda, mu kuwa da ruwa muke tsarki. Ina tunanin sa ƙaramin tiyon fesawa kusa da masai, amma ban san yadda hakan zai kasance da akwatin da ke tara bahaya ba.

Malamin Makarantar Asabar:

Ɗana, tambayarka ta farko tsohuwa ce, malaman mazhabar Malikiyya sun riga mu tattauna ta. Asali shi ne ana tsarki da ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa bai jirkita da abin da yake rabuwa da shi a al'ada ba. Amma sun yi rangwame a wasu wurare, kuma a cikin Mukhtasar na Shaihu Halil an ambaci ruwan da ya ɗauki warin kwaltar da ake shafa wa salkar matafiyi a cikin ruwan da ya halatta a yi tsarki da shi. Halinka ya yi kusa da wannan sosai, tunda wari ne kawai daga mazubin ruwan. Duk da haka ka kai wa malamin da ka amince da shi ruwan ya gani da idonsa, ya shinshina, domin hukuncin wari daban yake da na ɗanɗano ko launi. Batun ko ruwan yana da lafiyar sha kuwa na masana ne, su za su faɗa.

Ina kuma so in tuna mana cewa ya tabbata a hadisin Anas, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi alwala da mudu ɗaya, ya yi wanka da sa'i ɗaya zuwa mudu biyar. Wanda tankinsa ke da iyaka zai ga amfanin wannan sunna a zahiri. Ka tara ruwan alwala a buta maimakon ka bar famfo yana zuba, za ka ga tankin ya ƙara kwanaki.

Hajiyar Kan Ruwa:

Allah Ya ƙara wa Malam lafiya. A kan tankin, ƙanena, ka tambayi maƙerin sunan fentin da ya shafa, ka tabbatar wanda aka amince da shi don ruwan sha ne. Ka cika ka zubar sau biyu ko uku, warin yakan ragu. Irin wannan tanki yana bukatar a buɗe shi bayan 'yan shekaru, mutum ya shiga ciki ya kankare tsatsa ya sake shafawa, aiki ne mai wahala ƙwarai, don haka idan da hali tun yanzu a kankare shi a shafa fentin ifoksi na ruwan sha, wanda ya fi daɗewa. Ni dai na sa matata a famfon kicin don ruwan sha da shayi. Ka sayi tiyon cika tanki irin na ruwan sha, kada ka bari bakinsa ya taɓa ƙasa ko ruwan kanal, ka kuma nemi makullin hukumar da ke buɗe famfunan bakin hanya.

Maganar tsarki kuwa gara ka ji ta daga wanda ya ɗauki akwatin da hannunsa. Akwatin masai irin na Thetford yana cin lita 17 ko 18, kuma idan ya cika nauyinsa ya kusa kilo 20. Tiyon fesawa yana zubar da ruwa fiye da yadda mutum ke zato, kuma duk ɗigon da ya zuba a akwatin zai sauka. Mutum biyu masu tiyo za su iya cika shi a kwana biyu, sannan ka ɗauke shi a kan hanyar bakin kanal mai taɓo zuwa wurin zubarwa na Elsan, wanda a Landan wani lokaci yana da nisa, wani lokaci ka isa ka tarar ya toshe. Na sa tiyon, daga baya na cire na koma buta, domin buta tana nuna maka iyakar abin da ka zuba. Ka sayi akwati uku. Idan kuwa lallai kuna son tiyo, to ku yi babban tankin bahaya da ake zuƙewa da inji, ku san kuma ana biyan kuɗi duk zuƙa. Ko kusa kada bahaya ya shiga kanal.

Ruwan wanka da na wanke-wanke shi ne aka yarda ya fita kanal. Na kicin yana gangarawa da kansa ta ramin jikin jirgi, wanda ake so ya kasance aƙalla inci 10 sama da ruwa. Tiren wanka kuwa yana ƙasa da matakin ruwan kanal, sai da injin zuƙa. Ka sa Whale Gulper, wanda gashi da kumfar sabulu ba sa toshe shi da sauƙi, ka guji akwatin nan mai tara ruwa da ƙaramin inji a ciki. Ka kuma sa ramin tiren ta ɓangaren wutsiya, tunda can jirgin ya karkata, kuma karkatar tana ƙaruwa yayin da rabin tan na ruwan da ke goshi yake raguwa.

Ɗan Kogin Lee:

Na ji maganar Kawu a kan gas, kuma yau da yamma zan cire tsumman da na cusa a ramin iskar ƙofar baya. Sai dai har yanzu ina ganin bai kamata ɗumin gida gaba ɗaya ya rataya a kan na'urar da ke bukatar batir ba. Ai zai sa murhun gawayi ko itace, irin su Morsø Squirrel, kamar kusan kowa. Me zai hana ya sayi mai tukunyar ruwa a baya, ya haɗa ta da kalorifaya, tunda murhun yana ci dare da rana daga Nuwamba zuwa Maris?

Injiniyan Jirage:

Shawara ce mai kyau idan tsarin ɗakunan ya ba da dama. Domin ruwan ya zagaya da kansa ba tare da inji ba, ana bukatar bututu mai kauri, milimita 28, na jan ƙarfe a kusa da murhu, wanda ke hawa a hankali ba tare da ya sauka ko sau ɗaya ba har ya kai tukunya, da buɗaɗɗen tanki a can sama inda tururi zai fita. Matsalar ita ce yawanci murhu yana gaba, tukunya tana baya kusa da inji, jirgin kuma ya karkata baya, don haka hawan da ake nema yana faɗa da zaman jirgin. Idan aka ce a sa injin zagayawa, an koma ga batir ke nan, kuma ranar da injin ya tsaya wuta na ci, ruwan zai tafasa a bayan murhu. Kada a taɓa sa bawul da zai iya rufe wannan layi. Ni da zan bar murhun shi kaɗai, babu ruwa a jikinsa, ya zama abin dogaro ranar da komai ya ƙi, a ɗora buta a kansa. A layin hitar dizal kuma a zuba maganin daskarewa na furofilin gilaikol, wanda bai kai na mota guba ba, saboda idan naɗin cikin tukunya ya huje wata rana, cikin ruwan wanka zai shiga.

Sabon Mai Jirgi:

Na zauna da takarda da fensir na sake zana komai. Zan sa kalorifaya mai naɗi biyu ta lita 55, a tsaye, cikin kabad a ɗaki na baya maimakon ɗakin inji, don ta tsira daga sanyi kuma bututun da ke zuwa banɗaki ya gajarta. Tulu biyu, bawul mai sirkawa, bakin bawul na tsaro zuwa waje. Zan ja bututun lagireto yanzu, hitar dizal kuma in sha Allahu kafin Oktoba. Murhu babu ruwa a jikinsa, gas na girki kawai, buta da akwati uku. A ƙarshen makon nan nake son fara rufe bango.

Kawu Filamba:

Dakata da rufewa tukuna, ɗana. Idan ka gama haɗawa, ka cika tanki, ka buɗe kowane famfo har iska ta gama fita, ka rufe, ka bar injin tura ruwan ya kai matsinsa ya mutu da kansa. Sannan ka shimfiɗa busasshiyar takarda a ƙarƙashin kowane mahaɗi, ka kwana a jirgin. Idan ka ji injin ya yi ɗan gurnani cikin dare alhali babu wanda ya taɓa famfo, akwai inda matsi ke zurarewa, takardun za su nuna maka wurin, idan kuma duk a bushe suke to ka duba bawul na tsaro da injin kansa. Washegari ka kunna injin jirgin ruwa ya yi zafi sosai, ka sake dubawa, domin wani mahaɗin sai ya ji zafi yake ɗiga. Tunda ka matsar da tukunyar cikin kabad, ka auna tsayin naɗin da ke zuwa inji: idan ya fi bakin da ake zuba wa inji ruwa tsawo, iska za ta maƙale a ciki, sai ka ƙara ɗan tanki a sama da shi. Ka kuma sa bawul na zubarwa a wuri mafi ƙasa na layin sanyi da na zafi, saboda duk ranar da za ku bar jirgin cikin hunturu, ko na mako ɗaya ne, za ka kashe bawul na tanki, ka zubar da ruwan bututu, ka bar famfuna a buɗe, ka kwance kan shawa ka ajiye shi a ƙasa. Ka ɗauki hoton kowane layi da awo a jikinsa kafin katako ya hau, ka turo mini in duba kafin Asabar.